Bayan 'Yan Dubiya Sun Watse: Kula da Zukatan Tsofaffi Masu Doguwar Jinya a Ƙofar Dumi, Bauchi

Tsakure

Takardar nan ta dubi halin da tsofaffi masu fama da hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki da amosanin gaɓɓai suke ciki a unguwar Ƙofar Dumi ta birnin Bauchi, ta fuskar kwanciyar hankali da hulɗa da jama'a. Hujjarta ita ce al'adarmu ta dubiya an gina ta ne don ciwon da ke da ƙarshe, shi ya sa take gajiya idan jinya ta ɗauki shekaru, kuma babban abin da tsoho yake rasawa a wannan hali shi ne matsayinsa a gida da unguwa. An kawo binciken da aka yi a Ibadan da Harare don nuna cewa ma'aikacin ƙaramin asibiti da mutanen unguwa za su iya ɗaukar kaso mai tsoka na wannan aiki.

Gabatarwa



Ƙofar Dumi na ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar Bauchi, garin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1809. A yau sunan ya fi tafiya a kan unguwar da ta cika wurin: gidajen gado masu zaure, lunguna, masallatan unguwa, makarantun allo da na Islamiyya. Da gangan na zaɓe ta. In akwai inda za a ce tsoho ba zai yi kaɗaici ba, to irin wannan wuri ne, inda mutum ke kwana gida ɗaya da 'ya'ya da jikoki da surukai, maƙwabcinsa kuma ɗan wanda suka yi karatun allo tare ne. Idan aka tarar da tsoho cikin ƙunci a nan, ba za a ce rashin mutane ne ba. Sai a nemi dalili a wani wurin.

Na dogara ne da binciken da aka riga aka buga, da kuma abin da duk mazaunin irin wannan unguwa yake gani da idonsa. Dattijo da tsohuwar da zan kawo siffa ce ta abin da ake yawan gani, ba wasu takamaiman mutane ba ne.

Ciwon jiki da ciwon damuwa

Masu shekara 60 zuwa sama kimanin kashi 5 cikin 100 ne na 'yan Nijeriya. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wannan ya kai miliyan 10 ko fiye. Hawan jini kuwa ya kama kusan mutum ɗaya cikin uku na manya, kuma yawansa na ƙaruwa da shekaru.

Alaƙar irin waɗannan cututtuka da ciwon damuwa ba hasashe ba ce. A 2007 mujallar Lancet ta buga nazarin su Moussavi a kan mutum sama da 245,000 daga ƙasashe 60, inda aka ga tsakanin kashi 9 zuwa 23 cikin 100 na masu ciwon zuciya, asma, amosanin gaɓɓai ko suga suna tare da ciwon damuwa, kuma lafiyar wanda ya haɗa biyun ta fi taɓarɓarewa. A 2007 ɗin dai, a wannan mujallar, su Farfesa Oye Gureje suka fitar da sakamakon bincikensu na Ibadan a kan tsofaffi 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a yankin Yarbawa: kashi 26 sun taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, kashi 7 kuma a cikin watanni 12 da suka gabaci binciken. Waɗannan mutane ne da suke zaune cikin danginsu kamar namu. Daga cikin waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki kuwa, kimanin ɗaya cikin uku ne ke faɗawa damuwa daga baya.

Abin da ya kamata likitan suga da na zuciya su riƙe shi ne nazarin su DiMatteo na 2000: majinyacin da ke cikin damuwa, yiwuwar ya yi watsi da magani da umarnin likita ta ninka ta wanda ba ya ciki sau uku. Wato ana iya rubuta magani mafi kyau, 'ya'ya su ci bashi su saya, ya ƙare a ƙarƙashin matashi.

Abin da ciwo yake ƙwacewa

Mu ɗauki dattijon tela, ɗan shekara 70 da ɗoriya. Shekaru aru-aru yana sahun farko, kusa da ladan. Bayan la'asar yana kan dakalin ƙofar gida tare da sa'o'insa. A nan ake jin wa ya rasu, wa zai aurar, wane fili ake rigima a kai. Shi ake turawa neman aure, shi ake kira idan mata da miji sun saɓa. Wata asuba hannun dama da ƙafa suka ƙi motsi, baki ya karkace. Aka kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka ceto ransa, aka sallamo shi da magunguna da ranar komawa gashin ƙashi.

Makon farko zaure ba masaka tsinke. Liman ya zo da jama'ar masallaci, abokan kasuwa sun zo, wannan da lemo, wancan da 'yar Naira dubu a ƙarƙashin tabarma. Bayan wata uku sai ɗai-ɗai. Bayan shekara, in an tambaya sai a ce, "Ai Malam yana ciki, jikin sai a hankali." Ba wanda ya yi mugunta. Kowa ya sauke haƙƙin dubiya kamar yadda ya gada, ya koma neman abincinsa. Dubiya tana tsammanin ɗayan biyu ne, ko a tashi ko a koma ga Allah, kuma kowanne yana da abin da ake yi. Ciwon da zai zauna shekara goma, ba mu tanadar masa komai ba.

A cikin gida kuma ga yadda ranarsa take. Ba ya iya ɗaga buta, sai jika ya zuba masa ruwan alwala. Masai na tsuguno ne, don haka sai fo, kuma wani lokaci matar ɗansa ce kawai a gida da za ta zubar. Wanda ya san kunyar da ke tsakanin suruki da suruka ya san mutumin nan zai gwammace ya rage shan ruwa da cin abinci. Yana jin kiran salla daga masallacin da taku kaɗan ne tsakaninsu, amma akwai kwata a ƙofar gida da matakala a ƙofar masallaci.

Sai abin da na ɗauka ya fi duka ciwo, wanda kuma ƙauna ce take jawo shi. An ce hawan jini ba ya son tashin hankali, saboda haka aka yi ittifaƙi kada a tayar wa Baba hankali. Amininsa ya rasu, aka ɓoye masa har aka yi sadakar uku. An tsayar da ranar auren jikarsa, sai goro kawai aka kawo masa. An sayar da keken ɗinkinsa an sayi magani, bai ji ba sai a bakin yaro. Mutumin da ake jiran ta bakinsa ya koma wanda ake sanar da shi, daga baya ma a daina sanarwar. Idan ya fara faɗa ko ya daina magana, sai a ce tsufa ne.

Ta ɓangaren mata hoton ya ɗan bambanta. Tsufa yakan buɗe wa mace ƙofa ne: ita ce mai fita ba shamaki, mai kai amarya, mai tsayawa a kan wankan jego, mai riƙe adashi, wataƙila ma da tandar masarta a ƙofar gida. Ciwon suga ya taɓa ido, ya buɗe gyambo a ƙafa, duk wannan zirga-zirga ta tsaya. An ware mata kwanonta na acca ko alkama, kowa na cin tuwon shinkafa tana kallo. A gidan biki ana miƙa lemon kwalba a tsallake ta. Azumi ya zo likita ya hana, alhali tun tana budurwa ba ta taɓa sha ba sai da lalura. Sai ta ɗauka a ɓoye, suga ya faɗi da la'asar, a kwashe ta sai asibiti. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, ta kuma buɗe ƙofar ciyarwa ga wanda ba a sa ran warkewarsa, amma wannan magana a bakin malaminta take son ji, kuma sau da yawa ba wanda ya haɗa malamin da likitan. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta fitar da jagora a kan azumi da suga tun 2016, ta sabunta shi a 2021. Da wuya ka ga limamin unguwa da aka taɓa zama da shi a kai.

Mafi rauni a cikinsu ita ce wadda gigin tsufa ya kama. Idan ta fara kiran sunayen matattu ko fita da dare, wani gidan a ce asiri ne, wani a ce aljanu, in ba ta da gata ma a jefe ta da maita.

Me ya sa ba a ganewa

Ka tambayi kowane majinyaci, "Ya jiki?" zai ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," ko da bai runtsa ba. Haka tarbiyya ta koyar, kuma akwai alheri a ciki. Amma ma'aikacin asibitin da ke da dogon layi a ƙofa, da ya ji haka sai ya auna jini ya rubuta magani. Tsoho ba zai ce yana baƙin ciki ba, don yana ganin kamar ya kai ƙarar Ubangijinsa ne. Abin da zai ce shi ne barci ba ya zuwa, abinci ba ɗanɗano, jiki duk ya mutu, zuciya na bugawa, tunani ya yi yawa. Wata tsohuwar ta ce, "Ni dai jira kawai nake yi." Mai sauraro zai ɗauka tawakkali ne. Wani lokaci tawakkalin ne. Wani lokaci kuma ciwo ne mai magani, kuma ba a rarrabewa sai an zauna an ƙara tambaya.

A nan ina da saɓani da masu ganin haƙuri da yarda da ƙaddara su ne matsalar. Su ne ma jarin da tsohon yake da shi, kuma duk wanda ya zo zai raba shi da su ba zai samu kunnensa ba. Kuskuren namu ne, mu masu lafiya, da muka mayar da "a yi haƙuri" hanyar rufe zance. Ana faɗinta ne a tsaye, ana neman takalmi.

Sai kuɗi. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fita. Tela da mahauci da mai masa ba su da fansho. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki Naira, kamfanin GSK kuma ya sanar a watan Agusta na 2023 cewa zai daina sayar da magungunansa kai tsaye a ƙasar, farashi a kemis ya tashi. Tsoho yana gani ana ƙirga kuɗin maganinsa da na makarantar jikoki a faifai ɗaya. Sai ya fara raba ƙwaya biyu, ko ya sha sai ranar da kai ya yi ciwo, yana cewa kada ya zame wa yara nauyi. Wannan jin cewa mutum ya zama kaya yana cikin alamun da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suke tsoro ƙwarai.

Mai jinya

Kusan kullum mace ce: uwargida wadda ita ma tsohuwar ce, ko matar ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko jikar da aka dakatar da karatunta. Ita ke juya majinyaci, ta wanke, ta shanya, ta tashi cikin dare. 'Yan dubiya suna gaishe ta da "sannu da jinya," su wuce ciki. 'Yan'uwa na Abuja da Kaduna suna turo kuɗi ta waya, su bugo su tambayi me ya sa Baba ya rame. Ba ta da bakin cewa ta gaji, don za a tuna mata ladan biyayya. Gajiyar da ba a faɗa ba ita ce take fitowa a tsawa, a jinkirin sauya shimfiɗa, a jawo ƙofa a bar tsoho shi kaɗai. Duk shirin da bai sa wannan mace a lissafi ba, a kan takarda zai tsaya.

Dokoki

Ta fuskar doka ba a bar mu a baya ba. Akwai dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa ta 2017, wadda ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu raunin da asusu na musamman zai ɗauki nauyinsu. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Jihar Bauchi ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko kuwa sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan. Ko da an ninka likitocin, dattijon Ƙofar Dumi ba zai yarda a ɗora shi a Keke Napep a kai shi sashen masu taɓin hankali don ba ya barci ba. 'Ya'yansa ma ba za su yarda ba. Suna da 'yan mata da za su aurar.

Abin da unguwa za ta iya

Ba sabon abu nake kawowa ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa a gefe, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci su saurari masu damuwa, zama shida, suna taimaka wa mutum ya zaɓi matsala ɗaya ya nemo mata mafita da kansa. A gwajin da mujallar JAMA ta buga a 2016 a kan mutum 573, bayan wata shida kimanin kashi 14 ne na waɗanda suka zauna a bencin suke da alamun damuwa, a rukunin da bai zauna a bencin ba kuwa kusan rabi. A Ibadan ma su Gureje sun nuna a 2019 cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci da aka horar da jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun iya kula da masu ciwon damuwa, har kimanin kashi uku cikin huɗu suka samu sauƙi a cikin shekara.

Abin da ya fi jan hankalina a aikin Harare shi ne tsofaffi ne masu ba da taimakon. Ƙofar Dumi cike take da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka yi ritaya, da ungozomomi, da malaman Islamiyyar matan aure. Tsohuwa ba za ta buɗe cikinta ga yarinya sa'ar jikarta ba, ko da tana sanye da farar riga. Sa'arta za ta gaya wa. Benci a fili kam ba zai yi a nan ba, don kafin la'asar unguwa ta san wa ya zauna. Shiga gida za a yi, da sunan dubiyar da kowa ya saba, amma dubiya mai rana, mai mutum tsayayye, wanda aka koya wa sauraro da riƙe sirri, ya kuma san alamun da in ya gani zai garzaya da mutum asibiti: ƙin abinci, daina magani, ruɗewa farat ɗaya, ko zancen gara mutuwa. Mace ga mace, namiji ga namiji. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN, da 'yan agajin masallatai, da zumuntar mata a coci-cocin garin, suna da mutane da tsarin da za a ɗora wannan a kai.

Kwamitin masallaci na da aikin da bai fi buhun siminti biyu ba: gangara a ƙofa, murfi a kan kwata, kujerun roba a gefen sahu, keken guragu ɗaya na aro, da samari biyu masu ɗauko Malam ranar Juma'a. Majalisar dakali kuma tana iya komawa zaurensa rana ɗaya a mako. Liman da mai unguwa su ne za su iya gaya wa babban ɗa, a cikin hikima, cewa ɓoye wa uba labarin gidansa ba jinƙai ba ne. A kawo masa maganar auren tun tana ɗanya, ko da a ƙarshe ba ra'ayinsa za a bi ba. Ita ma Hajiya, in ido ya hana ta suya, bai hana ta riƙe kuɗin adashi ko koya wa amarya girki ba. Mai jinya kuwa a raba mata kwana tsakanin 'yan'uwa, a rubuce, har da na nesa.

A ƙaramin asibitin unguwa, ranar masu hawan jini da suga, a ƙara tambaya uku bayan awo: yaya barci, da wa kike hira, me kika daina yi wanda da kike jin daɗinsa. A ɗaga kai daga kati a jira amsa. A tambayi wadda ta rako majinyacin ita ma.

Za a ce ai duk wannan aikin lada ne, a bar wa masu sa kai. Ban yarda ba. Tsofaffin matan benci na Harare ma'aikatan sashen lafiya na birnin ne, ana ba su alawus, akwai masu duba aikinsu. Aikin sa kai zalla zai bi sawun dubiyar da muke kuka da ita, a yi wata uku da zafi a watse. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya matakin farko, kuma wani kaso na wannan asusu yana zuwa kai tsaye ga ƙananan asibitocin gundumomi. Daga nan ya kamata kuɗin mota da katin waya da alawus ɗin masu ziyarar su fito, a sa su a kasafin asibitin unguwa kamar yadda ake sa na allurar rigakafi, kwamitin raya gunduma ya riƙa bin sawu duk wata.